Faso, furu-furu da tukunyar miya: amsa ga wata uwa daga Gusau

Tambaya: "Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Gusau, 'ya'yana uku. Duk shekara da hunturu ya kama sai jikina ya bushe ya yi furu-furu, ƙafafuna su yi faso har da jini, hannuwana su tsattsage saboda wanki da wanke-wanke, yaran kuma leɓunansu su farfashe. Wata ƙawata ta ce in sayi haɗin mai da ake sayarwa a roba, wai yana sa laushi da haske, in kuma haɗa da ƙwayoyin gyaran fata. Ba ni da kuɗinsu. Akwai abin da zan iya yi a gida? Kuma da gaske ne abinci yana gyara fata?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya zuri'a, ya yi musu albarka.

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin duba masu ciwon fata, kuma ko ban leƙa waje ba, layin da ke bakin ƙofarmu kan gaya mini hunturu ya shigo. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris sai ki ga tsofaffi suna ta susar ƙwauri, mata sun ɗaure diddige da tsumma, yara da baki a fashe. Yawancinsu ba wata cuta ce ta kama su ba. Ruwan da ke cikin fatarsu ne yake tsiyayewa, kuma abin da suke yi a banɗaki kullum shi yake ƙara buɗe masa hanya. Don haka rashin kuɗin haɗin nan kada ya dame ki ko kaɗan. Abin da kike buƙata, kusan duka yana cikin gidanki.

Ki dubi katangar ƙasa irin ta cikin gari. An jera tubali, an cike tsakaninsu da laka, an yi yaɓe, wani lokaci a bi da makuba don kada ruwan sama ya ci ta. Saman fatar ɗan Adam haka Allah ya gina shi. Tubalan su ne matattun ƙwayoyin fata da suka kwanta a kan juna, lakar kuma wani maiƙo ne da fatar take yi da kanta. A yawancin jiki wannan katanga ba ta kai kaurin takarda ba, a tafin ƙafa ne take da kauri. Aikinta biyu ne: ta tsare ruwan jiki kada ya fita, ta hana ƙwayoyin cuta da ƙura shiga. Kusan duk mako huɗu fata takan sabunta tubalanta. Ki riƙe wannan lissafi, domin shi ne ma'aunin haƙurin da za ki yi.

Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ƙurarta mai yawa daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, kuma ba ta ɗauke da laima. A garuruwa irin su Gusau, Sakkwato, Kano da Damagaram, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a watan Agusta yana haura 70. Kin ga yadda zanen da kika shanya yake bushewa kafin ki gama ɗauraye sauran kayan? Abin da iskar take yi wa zane shi take yi wa jikinki.

Sai mu kuma mu taya ta da abu uku: ruwan zafi, sabulu mai kaifi, da soso. Idan kwano ya yi maiƙon manja, da me kike wanke shi? Ruwan zafi da sabulu da soso. To, lakar da ke tsakanin tubalan fatarki ma maiƙo ce, kuma haka take narkewa ta bi ruwa. Fata lafiyayya tana da ɗan tsami-tsami, a ma'aunin da ake kira pH tana wajen 5, sabulun sanda na yau da kullum kuwa yana tsakanin 9 da 10, wato ɓangaren kanwa. Shi ya sa kike jin jikinki ya ɗaure bayan wanka. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan ɗaurewa a matsayin alamar an fita tas, alhali alama ce ta an kankare yaɓe. Sabulun salo ma, duk da ina ganin darajarsa, da toka ake yin sa, saboda haka yana da kaifi. A yi kumfarsa a tafin hannu a shafa, kada a goga dunƙulen a fuska, kuma kada a bar shi ya jima. Sabulan da ake cewa na magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokitin wanka, ki ajiye su sai in likita ya ce. Bushewa kawai suke ƙarawa.

Ga yadda nake so wankanku ya koma daga yanzu zuwa bazara. Ki surka ruwan ya zama mai ɗumi, ki gwada da gwiwar hannu, in kin ji ya cije ki to ya yi zafi. Kada wankan ya wuce minti 5 zuwa 10. Sabulu a hammata, matsematsi, ƙarƙashin mama, hannu da ƙafa. Ƙwauri da damtse da baya ba sa buƙatar sabulu kullum, ruwa ya ishe su. Soson nan mai kaushi ki rage shi zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, yara ƙanana kuwa tafin hannunki ko tsumma mai laushi ya wadatar, kuma wanka ɗaya a yini ya isa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a duk wannan amsa shi ne mintuna ukun da ke biye da wanka. Kada ki goge jiki ya bushe ƙayau. Ki ɗan dadanna tawul, jikin yana da sauran laima, sannan ki shafa mai nan take, tun kina cikin banɗaki ko da shigarki ɗaki. Yawancin matan da suke ce mini sun shafa mai bai yi aiki ba, in na bi diddigi sai in tarar sun fito wanka, sun ɗora tukunya, sun shirya yara makaranta, sannan suka dawo kan mai. A lokacin ruwan ya riga ya gudu. Mai ba ya zuba wa fata ruwa, murfi ne kawai da ke rufe wanda ke ciki. In an rufe tukunyar da ba komai a cikinta, sai dai a ga ƙyalli a sama, ƙura ta manne, fatar tana nan a bushe a ƙasa. Haka bayan alwala. Sau biyar a yini fuska da hannu da ƙafa suna jiƙewa iska tana busar da su. Ki ajiye ƙaramin gwangwanin mai kusa da dardumarki, ki shafa bayan alwala ba kafinta ba, sai ki huta da waswasin ko ruwa ya taɓa fata.

Wane mai? Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan fage mai arahar shi ne gwani. Farin basilin tsantsa, wanda ba turare ba launi, yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata, kuma da wuya ki sami wanda jikinsa ya ƙi shi. Ba wani mai tsada da ya fi shi wannan aiki. Na biyu man kaɗe, wanda muke da shi a yalwace, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa samar da ƙwarar kaɗanya, musamman jihohin Neja, Kwara da Kebbi. Mai kyau launinsa tsakanin ruwan madara ne da rawaya-rawaya, yana da ɗan ƙanshin hayaƙi, kuma in kin ɗora ɗan gutsure a tafin hannu kika murza zai narke ba tare da tsakuwa-tsakuwa ba. In yana warin ɗaci ko tsami ya lalace, kada ki saya. Idan taurinsa yana ba ki wahala a sanyi, ki zuba shi a kwano, ki ɗora kwanon cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. In ya yi laushi ki zuba man kwakwa ko man riɗi cokali ɗaya a kan kowane cokali huɗu na kaɗen, ki buga shi da cokali har ya yi fari-fari kamar kindirmo. Ki juye a kwalba mai tsabta mai murfi, ki ajiye a inuwa, a riƙa ɗiba da busasshen hannu.

Gilisarin da ake sayarwa a kemis aikinsa daban ne, shi jawo ruwa yake yi ya riƙe. Kada a shafa shi tsura. Ki surka kashi ɗaya da ruwan da aka tafasa ya huce kashi uku ko huɗu, ki haɗa kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana uku, domin duk haɗin da aka sa wa ruwa yana saurin lalacewa. Ki fara shafa shi, ki bi da basilin ko man kaɗe a kai. Man zaitun kuma mai albarka ne a abinci, amma ga fatar da ta riga ta tsage ko jariri mai kirci ba shi nake zaɓa ba. A wani bincike da aka buga a 2013 daga Shafil ta Ingila, an sa mutane suna shafa shi a hannu na tsawon makonni, aka ga ya raunana katangar fata. In fuskarki mai yawan ƙuraje ce, ki sassauta mata mai nauyi, ɗan kaɗan a inda ya bushe kawai.

Yanzu faso, tunda shi ne ya kai ki ga jini. Diddige yana fashewa ne in kaushi ya taru ya yi tauri, sannan nauyin jiki ya danna shi ya baje gefe, kamar busasshen taɓo in an taka. Silifas da tafiya ba takalmi a kan siminti suna ƙara wannan bajewa. Bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta, ki zuba ruwan ɗumi a baho ki tsoma ƙafafu minti 10. Ki ɗauki dutsen goge kaushi ki bi gefen diddigen a hankali, kina zagayawa, har ki ga farin gari-gari yana fita. Da kin ji alamar zafi ki tsaya, ba a gama shi a dare ɗaya. Ki ɗauraye, ki tsane tsakanin yatsu sosai, ki cika tsagar da basilin da kauri, ki sa safar auduga ki kwana da ita. Dutsen sau biyu ko uku a mako, basilin da safa kowane dare. Da rana ki samu takalmi mai rufe diddige, ko na roba ne. Inda yake jini kuwa kada dutse ya taɓa shi: ki wanke da ruwa mai tsabta, ki sa basilin, ki rufe da filasta har ya haɗe. Idan kin sami hali, akwai man ƙafa mai sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25 a kemis, yana narkar da kaushi sosai. Na ce na kemis, ba takin yuriya na gona ba. Reza kuwa na roƙe ki kada ta kusanci ƙafarki, haka ɗiga kyandir ko man birki a tsaga. Na wanke gyambon da ya faro daga reza fiye da yadda zan iya ƙirgawa. In kuma akwai mai ciwon suga a gidan, shi ba jiƙa ƙafa ba gogewa da dutse, a kai shi asibiti a duba, domin ƙafarsa kan mutu ba ya jin rauni sai ya ruɓe.

Hannu maganinsa safar roba lokacin wanki da wanke-wanke, domin omo an yi shi ne don ya cinye maiƙo, bai san na kwano da na fata ba. In babu safa, ki cire zobe, ki ɗauraye hannu da ruwa mai kyau da kin gama, ki shafa basilin tun da laima. Leɓen yara kuma lasa ce take ƙara fasa shi, miyau yana bushewa ya tafi da sauran danshin. Ki shafa musu basilin da safe kafin makaranta da kuma lokacin barci, ki ɗan taɓa a bakin hancin mai yawan haɓo. Jiƙaƙƙen tawul da aka rataya a ɗaki da dare yana ɗan sanyaya bushewar iskar. Sai kaskon jin ɗumi: matan da suke ɗora ƙafa kusa da garwashi kullum, ƙwaurinsu kan yi wani baƙin zane kamar raga wanda yake daɗewa bai goge ba. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba, kuma zane ko safar da ta sha basilin tana saurin kama wuta.

Bari in zo kan haɗin da ƙawarki ta ba ki shawara, domin nan zuciyata ta fi nauyi. Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 25 ba da ta zo wurinmu sanye da niƙabi. Da ta ɗaga, kumatunta sun yi ja kamar an kwaɗa mata mari, ana ganin ƙananan jijiyoyi ta cikin fatar, ƙuraje sun feso a goshi da haɓa, gashi ya tsiro a gefen fuska. Ta naɗe hannun riga, sai ga nankarwa mai faɗin yatsa a damtsenta, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, sauran hannun fari. Ta zaro wata roba daga jaka, ba suna ba takarda, man ciki ruwan hoda mai ƙanshin turare. Ta ce ita ma don bushewar hunturu ta fara, mako biyu na farko kowa yana yaba ta. Tana magana tana kuka, ni ma sai da na juya baya na share ido.

Abin da ake zubawa a irin wannan roba yawanci uku ne. Akwai sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, maganin asibiti ne da ake ba wa mai tsananin kirci na ɗan gajeren lokaci. Shi ne yake kawo laushi da hasken farko, sannan ya sirantar da fata, ya kawo nankarwar da ba ta gogewa, ya buɗe ƙofa ga makero da kyasbi. In an daɗe ana shafa shi a duk jiki yana shiga jini ya tayar da suga da hawan jini, kuma fatar ba ta riƙe ɗinki da kyau in an zo tiyata ko haihuwa. Akwai haidrokwinon, wanda in an daɗe a kansa yake juyawa ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Akwai kuma zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga jariri ta ciki da ta nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a rahotonta na 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Gana ta hana shigo da kayan shafa masu haidrokwinon tun 2016. Garin neman gira ake rasa ido, ƙanwata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwayen da ke matsa bututun maganin ƙaiƙayi mai haɗi uku a cikin man jarirai don yaro ya yi fari. Fatar jariri siririya ce, tana shan maganin fiye da ta babba. In ƙawarki ta yi watanni tana shafa haɗin, kada ta yanke shi dare ɗaya, ta je wurin likitan fata a janye mata a hankali.

Haɗe-haɗen kicin da ake yaɗawa a waya ma a yi hattara. Lemon tsami a fuska, in rana ta taɓa, yana ƙona fata ya bar tabo. Man goge baki a kan ƙurji ƙuna ce. Dilka da kurkum ba laifi ga lafiyayyar fata in an yi da sauƙin hannu jefi-jefi, amma ba a kan fatar da ta tsage ba, kuma hunturu ba lokacin yawan gurza ba ne.

To, abinci fa? Gaskiya ne yana gyara fata, amma ta hanyar ba ta kayan gini, ba ta hanyar canza mata launi ba. Mai yana yaɓe daga waje, tubali da laka daga tukunya suke fitowa. Ƙwayoyin gyaran fata na kolajin da ake tallatawa, hanji yana farfasa su ne kamar yadda yake farfasa ganda ko wake, jiki ya raba inda ya ga dama. Kuɗin kwalba ɗaya zai saya miki wake da ƙwai na makonni. Fata tana son furotin, wato wake, gyaɗa, awara, ƙwai, nono da busasshen kifi. Tana son bitamin A, wanda rashinsa ke sa fata ta yi kaushi kamar jikin kaza da aka fige, ido ya kasa gani da magariba. Ana samun sa a manja, karas, kabewa, zogale, alayyahu, gwanda, hanta da dankalin Hausa mai jan ciki. Mai ciki dai ta rage hanta, domin bitamin A na hantar ya yi yawa ga ɗan tayi. Tana son bitamin C don haɗa rauni: mace tana buƙatar wajen miligiram 75 a yini, lemon zaƙi matsakaici guda ɗaya ya kusa biya, gwaiba kuwa ta ninka lemo kusan sau huɗu. Garin kwalba, wato na 'ya'yan kuka, da ake kaɗawa a nono shi ma yana da shi sosai. Idan kika ga gefen bakin yaro yana tsagewa yana fari, sau da yawa ƙarancin bitamin B2 ne ko ƙarancin jini, nono da ƙwai da ganye suke gyara shi. Allah da ikonsa, hunturun da ke busar da mu shi ne lokacin da kayan lambun rani suke cika kasuwa, karas da tumatir da kabeji da lemo duk suna araha.

Matsalar da na fi gani ba rashin kayan ba ce, yadda ake dafa su ne. Kanwa ita ce ta farko. Tana sa wake ya nuna da wuri, ganye ya yi kore shar, amma tana kashe bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, ga gishirin da ke cikinta mai tayar da jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ki jiƙa wakenki tun dare, ki zubar da ruwan da safe, ki dafa da albasa, zai nuna ba kanwa, kuma kumburin ciki zai ragu. Na biyu soya manja har ya yi hayaƙi ya koma fari. Jan launin nan shi ne bitamin ɗin, in ya tafi an bar ki da maiƙo kawai. Ki narkar da shi a wuta kaɗan, ki zuba albasa tun yana ja. Na uku yanka ganye sannan a wanke a matse, ko a tafasa a zubar da ruwan. A wanke tukuna sannan a yanka, a zuba shi a ƙarshe, a rufe tukunya minti 3 zuwa 5 a sauke. Zogale ko kukar da za a shanya, a inuwa ake shanyawa. In kina sayen man gyaɗa na kamfani, sukari ko fulawa, ki duba tambarin ido a jikinsu, alamar an ƙara bitamin A ce, doka ta wajabta haka a Najeriya tun 2002.

Kwaɗon zogale shi ne abincin da na fi yaba wa iyayenmu a kansa. Ki tsinke ganyen ki cire itatuwan, ki wanke, ki dafa da ruwa daidai wanda zai kusa tsotsewa, ba kanwa, har ya yi laushi. In ya huce ki daka ƙuli-ƙuli da ɗan barkono da gishiri, ki dama da ɗan ruwan dahuwar da ya rage. Ki yanka tumatir da albasa ɗanye, ki kankare karas guda a ciki, ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu, ki matsa lemon tsami, ki cuɗa da hannu. Kowane abu a kwanon nan yana taimakon ɗan'uwansa: bitamin A na ganye da karas ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, ga mai da ƙuli, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin ganye yana son tsami, ga tumatir da lemo. Sai dai kada a bi shi da shayi nan take, domin ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen, a bari a yi awa guda. Ƙulin kuma yana da bitamin B3, wanda gidan da ya dogara da tuwon masara safe da dare yake iya rasawa, har fatar wuya da bayan hannu ta yi baƙi ta riƙa saɓa kamar ƙuna. Masu cewa gyaɗa ce ke kawo ƙurajen fuska, binciken likitoci ya fi nuna yatsa ga yawan zaƙi da lemon kwalba. Ki dai tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci ki zubar, tana illa ga hanta.

Faten wake da manja da alayyahu sau biyu a mako, miyar taushe da kabewa da gyaɗa a kan tuwon dare, kunun gyaɗa da safe, lemo ko karas a hannun kowane yaro in ya dawo makaranta, wannan ya isa. Ruwa kuma a riƙa tuna wa yara, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ko da yake shan ruwa shi kaɗai ba ya rufe faso in ba a gyara wanka da shafa ba.

Akwai abubuwan da mai da miya ba sa warkarwa. In ƙaiƙayi ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu da gindin cibiya, kuma mutum biyu ko uku a gidan suna susa, ƙazuwa ce, dole a yi wa kowa magani rana ɗaya a wanke shimfiɗa. Makeron kan yaro sai da maganin sha, shafawa kaɗai ba ta kai saiwar gashi. Tabo mai haske da ba a jin taɓawa a kansa a hanzarta kai shi asibiti, yana iya zama farkon kuturta, maganinta kyauta ne kuma ana warkewa sarai in an zo da wuri. Haka ƙaiƙayin da ya zo da rawayar ido ko rama, da raunin da ya wuce mako biyu bai haɗe ba, da fason da ya kumbura yana zafi yana fitar da ruwa.

In ba ɗaya daga cikin waɗannan, za ki ga leɓen yara ya haɗe cikin kwana uku zuwa biyar, hannuwanki su lafa cikin mako biyu, diddige kuwa ki ba shi mako huɗunsa cif, kada ki fasa safar dare ko kin ga ya fara kyau. Allah ya ƙara lafiya, ki shafa mini kan yaran.